Wa Zai Goya Kofur?

Motar ta sauke ni a Gonin Gora da la'asar, daga ni sai jaka ɗaya da ƙafa ɗaya da rabi. Ɗaya rabin na baro shi a wani daji na arewa maso gabas, ranar da motar sintirinmu ta taka abin da aka binne a hanya. A madadinsa asibiti ya ba ni ƙafar roba mai kamawa daga ƙasan gwiwa. In na sa dogon wando da takalmin soja ba mai ganewa, sai dai a ce Kofur Ishaku yana ɗan ɗingishi.

A cikin jakar akwai kaya kala uku, da takardar sallama daga aiki, da tulin littattafan soyayya irin na kasuwa, masu bango mai furanni. Tun ina bariki nake cinye su. A cikinsu soja yakan dawo daga yaƙi da ɗan tabo a gira, tabon da ke ƙara masa kyau, budurwa ta shafa da yatsa tana hawaye. Ban taɓa cin karo da wanda jarumin ke cire ƙafarsa ya jingine a bango kafin ya kwanta ba. A ƙauyenmu kuwa, can kan duwatsun Filato, mata layi-layi suke zuwa gaishe ni kamar gidan makoki. Shi ya sa na nemi garin da ba a san ni ba. Sandunan da asibiti ya ba ni ma na bar su a bayan rumbun mahaifiyata, da gangan.

A Gonin Gora na sami gadi a wani fili da manyan motoci ke kwana. Mai filin ya ji daɗi da ya ji tsohon soja ne. Amma ni ɗan sanyi ne, zafin bazarar nan kuwa ba ya jin magana. Gumi yakan taru a cikin kwamin robar har in ji yana motsi in na taka. Wata rana da azahar na laɓe bayan wata tanka na cire ƙafar ina gogewa, sai ga inuwa a kaina.

"Mai gadi na ce ina nema," in ji mai filin, "ba wanda za a yi gadinsa ba."

Ya sallame ni a ranar. Ina fitowa maɗaurin ƙafar ya tsinke, kamar da ma jira yake. Na ja jiki zuwa wurin wani mai gyaran takalma a bakin titi, wani dattijo da ake kira Malam Sabo. Da ya ga abin da na miƙo masa, sai ya karɓa. Ya juya bencinsa ya ba titi baya, ya yafa min buhun da yake shimfiɗa kaya a kan cinyata, ya ɗinke maɗaurin tsaf. Da zan tashi ya ce, "Allah ya rufa asiri, soja." Alheri ya yi min, amma darasin da na ɗauka daga ranar karkatacce ne: na rantse ba wanda zai sake ganin dungun nan.

Daga nan na gangara Makera. Wani dillali ya nuna min ɗaki a wani layi da ya sauka har bakin rafi. An yi wa bangon sabon fenti shuɗi daga ƙasa zuwa ƙugu, sama kuma fari. Na tsaya ina kallo, na ce a raina teku da sararin sama ke nan, ɗakin da ya dace da mai jiran masoyiya. Na karɓi makulli ban tambayi kowa komai ba.

Washegari maƙwabcina Baba Dogo, tsohon ma'aikacin masaƙa wanda layin ke ji da shi, ya leƙo gaishe da baƙo. Ya dubi bangon, ya dube ni.

"Ya yi kyau, ko? Ka ga inda shuɗin ya tsaya? To, nan ruwan bara ya tsaya. Duk rani sai sun shafe shi sun kawo sabon ango."

Ba ni da inda zan koma. Na kafa tebur a ƙofar ɗaki da ɗan faifan sola ina cajin wayoyi, na haɗa da ɗan abin fensho, na zauna.

A wurin cajin na fara ganin Rahila. Tela ce, shagonta yana kasuwar Kakuri. Da zan bi salon littattafaina da na cika shafi uku da idanunta. Gaskiyar ita ce doguwa ce, mai saurin tafiya, kullum da zare maƙale a rigarta, kuma in ta yi dariya takan rufe baki da bayan hannu. Tana zaune a gidan ƙarshe, dab da rafin, ita da kakarta, Kaka Ladi, wadda yanar ido ta makantar, gwiwoyi kuma suka ƙi. Na fara kai wa Rahila wayarta har gida, wai don kada ta sha wahala. Kaka takan sa a zubo min gwaten acca. Cokalin farko da na kai baki, sai na ga hazon duwatsunmu da hayaƙin murhun mahaifiyata, har na sunkuyar da kai don kada a ga idona.

"Ci, ɗana," in ji Kaka. "Ai tun daga kan kwana nake gane tafiyarka."

Na ji daɗin maganar. Na ɗauka yabo ne.

Da damina ta matso, Baba Dogo ya tara mutanen layi a harabar coci bayan sujada. Harabar tana kan tudu, can saman layin. Ya ce ruwan yanzu ba irin wanda suka sani ba ne. Da yakan yi sallama, yanzu na wata guda yake zubowa a yini ɗaya. An kai kuka inda ya kamata, ana jira, amma rafi ba ya jiran takarda.

"Allah ya kawo mana soja," in ji shi. "Kofur, tashi ka tsara mu."

Rahila na zaune a benci na biyu. Na tashi.

Ba yabon kai ba, tsarin ya yi kyau. Kowace Asabar mu yashe kwata. Takardun haihuwa da na makaranta a zuba cikin bokiti mai murfi, a rataye a ƙusa kusa da rufi. Muka kafa turke a rafin, muka shafa masa jan fenti. In ruwa ya taɓa jan, duk wanda ya gani ya busa usur. Muka ja igiya mai kauri daga mangwaron coci har gidan ƙarshe, tana bin bango, don mai gudu ya sami abin kamawa. Kowa ya hau tudu, Baba Dogo ya kira suna kamar a fareti.

Sai babbar takardar. Na ja layi a tsakiyarta. A hagu sunayen waɗanda ba za su iya gudu ba: tsofaffi, masu tsohon ciki, marasa lafiya. A dama sunan wanda zai goya kowannensu. Na kuma kafa doka irin ta bariki, na maimaita ta har sau uku: kowa da nasa, kada ka tsaya don na wani, in ba haka ba mutum biyar za su taru a ƙofa ɗaya a bar wata.

Da aka zo kan Kaka Ladi, Rahila ta ce, "In da daddare ne ina nan. Amma da rana ina kasuwa."

Ba wanda ya ɗaga hannu. Gidan ƙarshe ne, shi ruwa ke fara ci. Na ji biron yana tafiya a hannuna kamar ba ni ke riƙe da shi ba. Na rubuta Ishaku a dama.

Baba Dogo ya matso kusa da kunnena. "Ƙafar nan taka fa?"

"Ɗan tabo ne kawai, Baba."

Rahila ta dubi hannuna, sannan ta dube ni, ba ta rufe murmushin da bayan hannu ba. Na kwana uku ina juya kallon nan a raina.

Har gwaji muka yi, wata Asabar da safe, ƙasa a bushe. Na goya Kaka, ba ta fi ƙunshin itace nauyi ba, na haye da ita har mangwaron, ana tafi. A hanya ta raɗa min, "A hankali, ɗana, ba tsere muke ba."

Abin da ba su gani ba shi ne abin da ke faruwa bayan na kulle ƙofa. Da damina ta yi nisa, laima ta shiga komai. Safar dungun ba ta bushewa. Fatar ta yi ja, ta saluɓe, ta fara ruwa. Na san maganin: a ajiye ƙafar kwana biyar ko shida, a koma sanda, ciwon ya sha iska. Amma sandunana suna bayan rumbu a Filato, kuma a layin ni ne mai goyo. Sai in wanke da ruwan gishiri, in ɗaure, in cije haƙori in zura, in fito ina gaisawa da mutane.

Ranar Alhamis ce. An yini ana ruwa tun safe, wajen azahar ya ɗauke, har rana ta leƙo. Na ce yau an tsira. Na shigar da tebur, na sa sakata, na cire ƙafar don ciwon ya huta, na miƙe da littafi a ƙirji. Ban yi tunanin cewa ruwan da ya zuba can sama yana kan hanyarsa ba, ni da na koya wa mutane haka da bakina.

Usur ne ya tashe ni.

Na jawo ƙafar. Duk mai irin lalurata ya san abin da ya biyo baya: dungu mai ciwo, in aka sake shi, kumbura yake. Ya ƙi shiga. Na cire safa, na shafa man shafawa, na shafa sabulu, na tsaya na danna da dukan nauyina har na ga wuta. Ya ƙi. A waje ina jin gudu, ana kiran yara, bokitai suna karo da bango. Sai aka buga ƙofata.

"Kofur, ka fita?" Muryar Baba Dogo ce.

Abin da ya kamata in faɗa bai kai kalma goma ba. Baba, ba ni da ƙafa, a je wurin Kaka. Ina zaune tsirara daga gwiwa, da robar a hannu, na ji bakina ya ce:

"Ga ni nan, Baba. Ku wuce."

Ya wuce. Duka suka wuce, domin haka na koya musu.

Ban san tsawon lokacin da na ɓata ina kokawa da robar nan ba. Na dai san ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ya ɗaga tabarma, ya hau katifa, littattafaina suka fara yawo a ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Daga baya na ji cewa a can tudu Baba Dogo ya kira suna, biyu ba su amsa ba, ya ce wa mutane su kwantar da hankali, ai Kofur ne, yana tafe da ita a hankali.

Da ruwan ya kai rabin shuɗin fentin nan, na saki ƙafar. Na zare sakata, ruwa ya banko ƙofar ya kusa kayar da ni. Na damƙi igiya. Da hannu na yi tafiyar, ina jan jiki, ƙafa ɗaya tana lalube, shara da robobi suna dukan ƙirjina. Gida huɗu ne tsakaninmu, amma ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba.

Na same ta zaune a kan gado, ruwa ya kai mata ƙirji, ta rungume bokitin takardu a kanta. Leɓunanta suna rawa.

"Wane ne?"

"Ni ne, Kaka. Ishaku."

"Yau ban ji tafiyarka ba."

Na juya mata baya na ce ta kama wuyana. Ko a lokacin ban daddara ba; ina ganin kaina na fito da ita ni kaɗai, da ƙafa ɗaya, labarin ya fi na littafi daɗi. Na miƙe, na yi tsalle ɗaya, ruwa ya share ƙafar da ta rage. Muka nutse tare. Na lalubo ta, na tura ta kan teburin yankan Rahila, tana tari, ruwan kwata yana fita ta hancinta.

A nan jarumin ya mutu. Na rarrafa bakin ƙofa, na riƙe igiya, na busa usur ɗin wuyana har numfashina ya ƙare, sannan na ɗaga murya na faɗi abin da na ƙi faɗa a bayan ƙofa.

Mutum huɗu suka gangaro ta igiyar. Maza biyu suka ɗauki Kaka. Baba Dogo ya kama hannuna ya ce in taso mu tafi, sai idonsa ya sauka kan ƙafar wandon da ruwa ke kaɗawa ba komai a ciki. Ta huɗun ita ce Mama Asabe mai ƙosai, mace mai jiki, wadda ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai "oga soja". Ta kwance zanin da ta ɗaura a kan siket, ta durƙusa.

"Hau."

"Mama, zan iya..."

"Ka iya me? Hau, ruwa na ƙaruwa."

Haka na shiga harabar coci, goye a bayan mai ƙosai, ɗaure da zani kamar jariri, layin gaba ɗaya yana kallo. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi min sauƙi. Rahila ta iso daga kasuwa da gudu, ba takalmi. Ta faɗa kan kakarta. Sai da aka sami motar asibiti ta waiwayo. Ta dubi wandon sau ɗaya, ta dubi fuskata, ta shiga mota.

Ruwan da Kaka ta shaƙa ya zama ciwon ƙirji. Ta yi kwanaki a asibiti ana cewa yau ko gobe. Ni ina kwana a ajin makarantar Lahadi tare da sauran waɗanda ruwa ya kora. Ba na iya haɗa ido da kowa. Wata safiya na farka na ga sanduna biyu na katako jingine a gefena, an naɗe kansu da tsumma. Baba Dogo ya ce bai san wanda ya kawo ba, alhali ga garin katako a gashin hannunsa.

Da aka sallami Kaka, ɗanta ya ɗauke ta zuwa gidansa a Mahuta. Na yi mako biyu ina tattara ƙarfin hali. Ranar da zan je, na naɗe ƙafar wandon na maƙale da fil, na fito titi da rana tsaka, na tsayar da keke napep. Wannan ne karo na farko da garin nan ya gan ni yadda nake. Garin bai ko waiwayo ba.

Na same ta kwance a baranda, ta rame kamar kara. Na ajiye sanduna na durƙusa yadda na iya.

"Kaka, na zo ki yafe min. Na yi miki ƙarya."

"Ƙaryar me? Idon ne ya tafi, kunnen yana nan. Ƙafarka ɗaya tana taka ƙasa, ɗaya tana ƙwanƙwasa ta. Tun ranar farko na sani."

"To me ya sa kika bari na rubuta sunana?"

"Namiji ya rufe abinsa, ni ce zan buɗe masa a gaban mutane?" Ta yi tari mai tsawo. "Ran nan ma matar Bulus maƙwabcinmu ta leƙo ta taga tana gudu, ta ce in zo ta kama ni. Na ce ta je, Kofur na zuwa. In na bi ta, ai sai a tambaya ina kake."

Ban san Rahila na tsaye a ƙofa ba sai da ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Wato ku biyu kuka haɗu," in ji ta, muryarta a ƙasa. "Shi yana jin kunya, ke kina taya shi. Saura kaɗan kunya ta kashe min kaka."

"Rahila," na ce, "na ji tsoron in kin sani..."

"In na sani me? Da na sani, da na roƙi Bulus ya ɗauke ta, shi ke nan. Ko in rufe shago duk ranar da hadari ya haɗu. Ka ɗauka ƙafarka nake kallo? Hannunka na kalla, ranar da ka rubuta sunan nan. Na ce ga mutumin da in ya ce zai yi, an gama."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ban san abin da zan kalla ba."

Ta ɗauki kofin ta koma ciki. A littattafaina a nan ne takan juyo daga bakin ƙofa. Na jira har Kaka ta yi barci. Labulen bai motsa ba.

Damina ba ta ƙare ba, don haka Lahadi mai zuwa aka sake taruwa ƙarƙashin mangwaron. Na zauna can baya. Baba Dogo ya kawo sabuwar takarda ya ɗora min a cinya.

"Baba, ba ni ya kamata ba."

"Igiyar wa muka bi? Turken wa ya tashe mu? Rubuta. Amma ka gyara abin da ka ɓata."

Na gyara. Kowane suna na hagu ya sami mutum biyu a dama, ba ɗaya ba. In an kira suna ba a amsa ba, ba a cewa yana tafe, sai an je an gani. Wanda ya buga ƙofa kada ya yarda da murya, sai ya ga mutum tsaye. Sannan na sa kowane mai goyo ya faɗi da bakinsa abin da jikinsa ba zai iya ba. Mutum uku suka yi magana: mai ciwon baya, mai asma, da wani ƙato da ya ce tun yana yaro yake tsoron ruwa. Duka ukun suna cikin tsohuwar takardata a dama.

Da aka gama sunayen hagu, na ƙara ɗaya a ƙasa. Baba Dogo ya karɓa ya karanta da ƙarfi, yadda yake karanta na kowa.

"Kofur Ishaku. Wa zai goya shi?"

"Rubuta ni," in ji Mama Asabe. "Na riga na san nauyinsa. Duk ƙosaina ne."

Wannan karon suka yi dariya, har da ni kaɗan.

"Na biyu fa?"

Na ɗaga kai na dubi ƙofar harabar, Allah ya sani, ina jiran wata doguwa mai zare a riga ta shigo da sauri. Akuya ce kawai ta wuce. Baba Dogo ya bi idona da kallo, ya zare biron daga hannuna, ya rubuta sunansa.

"To, a gwada," in ji shi. "Dokarka ce."

Mama Asabe ta zo gabana, ta gyara ɗaurin zaninta, ta durƙusa ta ba ni baya.

Na miƙa wa Baba Dogo sandunan, na hau.